Ƙarfen da Ba a Huda Ba

Sai da Kev bakanike ya iso gidan mafakar mata da injin hudarsa a kafaɗa, yana fito abinsa, sannan aka gane an yi ɓarna. Bronwyn, Baturiyar da ke riƙe da gidan, ta shiga ofis don ta ɗauko masa abin da zai huda. Shiru, shiru, sai ƙarar jan durowa da zubewar takardu. Da ta fito, da ƙyar ta iya haɗa magana.

"Babu shi, Kev. Babu shi!"

Abin da babu ɗin ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfutar gidan ce, wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu. An kawo musu sabuwar kwamfuta, aka ciro ƙwaƙwalwar tsohuwar aka ajiye, da nufin a huhhuda ta a farfasa kafin a zubar. Dalili kuwa, duk macen da ta taɓa gudowa daga hannun miji aka fitar da ita daga garin nan a ɓoye, labarinta yana ciki: garin da aka kai ta, da unguwar, har lambar ƙofa.

Mu nan Yarrindi magana ba ta kwana, kai, ko wuni ba ta yi. Kafin rana ta take an cika gaban kanti, kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido, suna ɗaya kuma ke yawo a bakin mutane: Travis. Aka buga wa 'yan sanda waya, suka ce motarsu ɗaya ce, tana can wani gari ana rabon faɗa, a yi haƙuri. Haƙuri! Duk abin da ake aiko mana daga birni, shi ya fi zuwa a kan lokaci.

Don haka Bronwyn ta nufi zangon makoki a bayan gari, inda Cecil yake zaune a ƙasa, goshi da ƙirji shafe da farar ƙasa. Cecil mai bin sawu ne tun yana saurayi. Ya nemo ɓatattun shanu, ya nemo baƙin da motarsu ta mutu a daji suka yi gangancin barinta, ya taɓa bin ɓarawon doki a kan tsandauri har ƙofar ɗakinsa. Amma matarsa ta rasu, wata bai cika ba, kuma ita ce mataimakiyar Bronwyn a gidan mafakar. Ba ma kiran sunan mamaci, ni ma ba zan kira ba. Mijin da aka bari kuwa ba ya taka inda ta saba takawa sai an daɗe.

Bronwyn ta durƙusa daga ɗan nesa. "Kawu, na san bai kamata in zo ba. Amma labarin Sherelle yana cikin abin nan."

Sherelle 'yarsa ce, ita kaɗai gare shi. Shekara biyu ke nan da aka fitar da ita kwance a motar asibiti da karyayyen muƙamuƙi, 'yarta Kiara a gefe tana kuka, mijinta Travis kuma aka wuce da shi kurkuku. Cecil da bakinsa ya roƙa kada a faɗa masa inda aka kai ta. Ya san halinsa, tsoho ne mai son hira, wata rana zai yi suɓul da baka. Abin da yake samu kawai shi ne muryarta ranar Lahadi, daga lambar da ba ta bayyana a waya. Ko jana'izar uwarta ba ta zo ba, domin Travis ya gama wa'adinsa, yana gari.

Cecil ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Karensa Rusty ya bi bayansa.

* * *

A bakin shinge ya ja ya tsaya, ya ƙi shiga harabar.

"Ba kin goge abin da ke ciki ba?"

"Na goge, Kawu. Amma mutumin da ya kawo sabuwar ya ce gogewa ba ta isa ba. Wanda ya san kan abin zai iya dawo da komai. Shi ya sa ya ce a huda."

Cecil ya gyaɗa kai. Bai san kwamfuta ba, amma wannan ya fahimta sarai, ya sha karanta sawu a ƙasar da aka share.

"Ina kika ajiye shi?"

"A ofis, kan teburin marigayiya. Na ce ta kula da shi kafin Kev ya zo. Sai ciwon nan ya same ta, hankalina ya bar wajen gaba ɗaya."

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni, sai ita."

Ya kau da kai, bai so ya bi wannan maganar ba. 'Yan kallo suka yi ta nuna masa tagar ofis mai fasasshen gilashi, wai ta nan ɓarawo ya zura hannu. Daga inda yake tsaye ya hango saƙar gizo-gizo ta rufe ramin, ta yi ƙura, har da busassun ƙudaje. Tsohuwar ɓarnar ƙwallo ce. Gaban gidan kuwa garin nan kaf ya tattake shi tun da safe, ko sawun raƙumi ba za ka gane ba. Ya zagaya shingen ta waje a hankali, kansa a sunkuye, yana neman sawu ɗaya tak, na Travis, mai jan diddigen dama. Bai gan shi ba.

* * *

Ya sami Kev a gareji, zaune kan tsohuwar taya da kofin shayi, tumbi ya ɗage riga. A jikin bango akwai wani ƙarfe irin wanda aka kwatanta, an farke shi, an manna ƙananan sifanu a jikin maganaɗisunsa.

"Wancan fa?" in ji Cecil.

"Haba tsoho! Ni za ka tuhuma? Wannan na kwamfutar kanti ne, ya shekara a nan, taɓa ka ji maiƙo. Me zan yi da sirrin mata, ni da tawa ta gudu birnin Darwin da mai gyaran firji? Da akwai adireshinta a ciki ma, ni zan fara hudawa."

Cecil ya shafa ƙarfen, yatsansa ya fito baƙi ƙirin da tsohon mai. Gaskiya Kev ya faɗa.

"To me ya hana ka zuwa tun tuni?"

Kev ya sosa ƙeya. "Gobe, gobe ce ta cinye ni. Da farko batirin injin ya mutu. Sai makoki. Makon nan kuma motar Travis ce ta riƙe ni, ya ce a ɗaura mata abin ɗaukar kaya a sama, a sa mata sabuwar taya a baya ta hagu. Wai ya sami aikin shanu a arewa wajen kawunsa. Na ce masa Allah raka taki gona."

* * *

Travis yana ƙofar gidan uwarsa Dorrie, yana ɗaure jarkokin mai a saman mota. Da ya hango Cecil ya sauko, har da cire hula.

"Baba, ya haƙuri? Na ji ana ta kiran sunana a gaban kanti. Ga ƙafata." Ya ɗaga takalminsa, ya nuna masa ƙasan. "Karanta. Idan ka ga wannan kusa da gidan matan can, ni da kaina zan kai kaina wajen 'yan sanda."

"Ina kake ranar da abin ya ɓata?"

"Wace rana ce? Ka gani, ku ma ba ku sani ba." Ya yi murmushi. "Ko inuwar gidan nan ban taka ba, alƙali ya hana ni. Na canza, Baba. A can kurkuku har kwamfuta aka koya mana, da takardar shaidata na fito."

Cecil ya dube shi da kyau. Ya san maƙaryaci in ya gan shi, ya san yadda ƙafa ke motsi idan baki na ƙarya. Ƙafar Travis ba ta motsa ba. Yaron nan bai shiga gidan ba, bai saci komai ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Cecil hankali, domin murmushin ba na wanda ake zalunta ba ne. Dorrie tana zaune a baranda da burodin da aka gasa a toka a cinya, tana gutsura ba ta ci. Ya gaishe ta, ta amsa wa ƙasa.

Ya juyo yana jin kansa fanko. Ya tambayi duk wanda ya kamata, kowa ya faɗi gaskiya, ga shi hannu wofi. Wuri ɗaya ya rage, shi ne wurin da yake gudu tun safe.

* * *

Da rana ta karkata, lokacin da inuwa ke kwanciya cikin sawu, ya tura ƙofar shinge ya shiga. Bronwyn ta biyo shi. Suka zagaya bayan gidan, inda 'yan kallo ba su kai ba.

Jar ƙasar wajen duk an share ta, layi-layi, da rassan bishiyar turare. Ga busassun ganye, ga wani tsohon bokiti cike da toka.

"Ka gani!" in ji Bronwyn. "Ɓarawon ya share sawunsa!"

Cecil ya duƙa ya duba sharar. Ɓarawo da gaggawa yake shara, da baya da baya, daga ƙofa zuwa mafita. Wannan sharar ta masu natsuwa ce. Ta tashi daga ƙofar baya ta tafi famfo, daga famfo ta tafi igiyar shanya, daga nan ta tafi gindin bishiyar da marigayiya ke zama ta sha shayinta. Matan dangi ne suka zo suka turara gidan da hayaƙi, suka share sawun matarsa daga doron ƙasa, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Ya bi layin da ido har ƙarshe, bai sami ko yatsa ɗaya nata ba. Sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuka mai sauti, bai damu da Baturiyar da ke tsaye ba.

Yana share ido ne ya gan shi. Dab da matakalar ƙofa, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwa, laka ta kama sawu ɗaya ta bushe da shi. Ƙafar hagu ce, ƙarama, ba takalmi, babu babban yatsa, ciwon suga ya sa an yanke. A gefenta ga ramin sandar ƙarfe irin ta haƙar damo. Duk duniya babu sawun da Cecil ya sani kamar wannan, domin tun ranar da ya yi aure yake dubansa a hanya don ya san inda zai kauce. Sawun Topsy ne, surukarsa.

"Bronwyn, leƙa ofis. Akwai wani shuɗin gwangwanin biskit a kan teburinta?"

Ta shiga ta fito. "Babu. Ina birni ranar da aka yi hayaƙin. Na dawo na tarar an kwashe rigar sanyinta da kofinta da komai. Na san al'ada ce, ban tambaya ba."

"Duk abin da aka ce wa matar nan ta kula da shi, cikin gwangwanin nan take sa shi," in ji Cecil. "Har takardar aurenmu. Tara mini Kev da Dorrie da ɗanta a zango. Ki ce tsohuwa ma ta fito."

* * *

Aka taru a inuwa, gefen zangon makoki. Kev yana tsaye da hula a hannu, Dorrie ta zauna ta haɗa kai da gwiwa, mata sun yi da'ira daga baya. Travis bai zo ba, uwarsa ta ce yana wanka. Can gefe guda Topsy ta zauna ta juya baya, ta lulluɓe kanta da bargo.

A wajenmu suruki ba ya kallon uwar matarsa, ba ya kiran sunanta, ba ya yi mata magana, ko mota ɗaya ba sa shiga. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce mafi nauyi da muke da ita, mutuwa ma ba ta ɗage ta. Idan magana ta zama dole, sai a nemi wani abu a tsakani a faɗa masa. Cecil ya zauna shi ma ya ba ta baya, ya jawo karensa kusa.

"Rusty, ka tambayar mini. Ranar da aka share gidan can, an ɗauki wani shuɗin gwangwani?"

Can wata siririyar murya ta fito daga cikin bargo.

"Kare, ka gaya wa mai tambaya, kayan 'yata na kwasa, da mabuɗinta na buɗe. Ban taɓa allurar kowa ba. Tun safe ake ta ɓarawo, ɓarawo, ni na zaci kwamfuta sukutum aka ɗauke."

"Rusty, an buɗe gwangwanin?"

"Kare, wa ke bincika kayan mamaci? Naɗe shi na yi cikin zane."

"Rusty," in ji Cecil, "wa aka ba?"

Ya san amsar kafin ta zo. Kayan mamaci ba sa zama a hannun uwa ko miji, rabar da su ake yi ga dangin da ke ɗan nesa, don kada mai gida ya riƙa ganinsu zuciya ta ƙi warkewa.

"Kare, barguna sun tafi wajen kawunnenta. Gwangwani na Dorrie ne. 'Yar ƙanwata ce, haƙƙinta ne, ba a taɓa yin wata hanya ba."

Kowa ya juya wajen Dorrie. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, nan take ta fashe da kuka.

"Travis ne, taba yake nema ya buɗe! Ya ce Mama, daga ina wannan? Na faɗa masa. Sai ya sa aka kawo masa wata igiyar haɗa shi da kwamfuta a jirgin da ke kawo wasiƙu, ya shige ɗaki da kwamfutarsa, kwana da kwanaki. Na ɗauka fim yake kallo. Sai da na ji maganar kanti yau na gane."

"Kuma kika yi shiru?" in ji Bronwyn. "Kawu ya zo har ƙofarki!"

"Ɗana ne! In buɗe baki a sake ɗaure shi? Ke ba ki haifa ba!"

"Ina yake yanzu?" in ji Cecil.

"Ya tafi. Kana juya baya ya tayar da mota. Ya rantse mini arewa za shi."

Sai a lokacin Topsy ta gane abin da ta miƙa da hannunta, da kuma wanda ta miƙa wa. Ta ƙwala ihu, ta rarumi sandarta za ta buga a kai, mata suka danne ta. Tana kiran sunan jikarta, tana cewa ita ta kashe ta. Cecil yana jin komai a bayansa, ba halin ya waiwaya.

"Rusty, ka ce mata ba laifinta ba ne. Ta yi abin da ya kamata."

Amma karen ya riga ya tsorata da ihun, ya tashi ya shige ƙarƙashin motar Kev. Maganar ta faɗi ƙasa, babu mai kai ta.

* * *

Bronwyn ta ruga ofis. Wayar Sherelle ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, wai ba a barinsu da waya a wajen aiki. Ofishin da ya ba ta gida an tashi, na'ura ce ta amsa. 'Yan sandan garin da take suka rubuta suna, suka ce za su leƙa idan mota ta samu, amma su a saninsu mutumin bai karya wata doka ba tukuna, mai yiwuwa ma arewar ya tafi.

Abu ɗaya ya rage da za a iya tabbatarwa. Suka shiga motar Kev su uku, suka ɗauki hanyar ƙasa zuwa mararraba. Kev yana tuƙi yana surutu shi kaɗai.

"Aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Rami huɗu kawai a ƙarfen nan, da an huta! Da injin nan na ɗaura wa Travis abin kaya, tsoho. Da shi!"

Cecil ya zuba wa hanya ido.

Rana ta yi ja lokacin da suka isa inda hanya ta rabu biyu. Cecil ya ce a tsaya daga nesa, ya sauka, ya taka a hankali ta gefen ciyawa. Bai sha wahala ba, yaron goye ma zai karanta. Tayoyi uku sun sha jiki, ɗaya sabuwa fil a baya ta hagu, haƙoranta sun cije ƙasa. Mota ce mai nauyi, ta zo da gudu, ko rage gudu ba ta yi ba a kwanar, ta watsa tsakuwa gefe. Ba ta kalli arewa ba.

Ya tsuguna ya ɗora tafin hannu a kan sawun. Gefensa ya fara zubewa, tururuwa sun riga sun yi hanya a kai. Mutumin ya yi nisa.

Ya ɗago ya dubi Bronwyn. Tana tsaye ta toshe baki da hannu biyu, idonta a kan hanyar kudu. Shekara biyu yana toshe kunne don kada ya san inda 'yarsa take, ya haƙura da ganinta, ya binne uwarta ba ta kusa, duk don ya kare ta. Yau ga shi Travis ne ya nuna masa hanya.

"Kudu take?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai.

"Da nisa?"

"Da nisa, Kawu. Amma ba zai tsaya ba, yana da mai."

Ta ɗaga wayarta sama tana juyawa, ta hau kan mota ta sake ɗagawa, babu layi ko ɗigo. Kev ya duba ma'aunin mansa ya girgiza kai.

Cecil ya miƙe ya bi sawun da ƙafa, don shi ne abin da ya iya. Suka biyo shi da mota a hankali, ba wanda ya ce masa ya shigo. Ya bi shi ya wuce gadar ƙarfen da ke hana shanu wucewa, ya bi shi ya hau ɗan tudu, har inda jar ƙasa ta ƙare, kwalta ta fara. Sabuwar tayar ta ɗan ja ƙura ta shafa a bakin kwaltar, taku kaɗan, daga nan babu komai.

Ya tsaya a wajen, yatsun ƙafarsa a kan kwalta, yana duban ƙasa.